Tuluna Huɗu a Hanyar Sanam

Daga Allah muke, gare Shi kuma kowa zai koma, mai doguwar hanya da mai gajera. Baba, mahaifin maigidana, ya koma ranar Alhamis da hantsi, an gama ɗaure dammunan gero, ba a gama zuba su a rumbu ba. Ban yi niyyar rubuta komai ba, don bakina ya fi hannuna sauri. Amma kwana arba'in ke nan ina jin mutane suna ba da labarinsa guntu-guntu, kowa da nasa, kuma akwai guntun da in ban faɗa ba, ba mai faɗa.

Ranar da aka kai shi makwanci, zaure ya kasa ɗaukar mutane, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin gawon ƙofar gida. Liman ya ce bai taɓa jin tsohon nan ya ce wa mutum "nan kusa ne" don ya rabu da shi ba. Masu jakunan da ke bin kasuwanni suka zo a tare, babbansu ya zauna ya dafe kai ya ce, "To, yanzu wa za mu tambaya?" Bafillatanar da ke kawo mana nono ta dire ƙwaryarta a tsakar gida, ta ce yau ba sayarwa ta zo ba, a dama wa masu gaisuwa. Zabarmawan Damana suna ta shigowa da "fonda tilas", wato gaisuwarsu ta mutuwa, mu muna amsawa da tamu.

A cikin gida, wajen mata, ni ina wannan bakin tabarma, ƙanwar maigidana tana wancan. Yara suna ce mata Gwaggo, ni ma haka zan kira ta. Duk wadda ta shigo sai ta gaishe ni, sannan ta taka ta je ta gaishe ta, don kowa a unguwarmu ta Filinge ya san ba a haɗa mu a gaisuwa ɗaya. Shekara ashirin da biyu ba abin da ya shiga tsakaninmu sai "ina kwana" da "lafiya lau", shi ma a bakin rijiya, in babu hanyar kaucewa. Dalili kuwa tuluna huɗu ne na aurena, da suka ɓace daga bayan ɗakina rana ɗaya, na kuma ce ita ta ɗauke.

Ran sadakar uku wani tsoho Bazabarme ya iso da ƙafa daga wajen Tondikandiya. Ban san shi ba. Ya yi gaisuwa, ya kwance wani tsumma, ya miƙa wa maigidana abin da ke ciki. Maigida ya shigo da shi a ɓoye cikin hannun riga, yana neman ya cusa shi a ciyawar rufin ɗaki. Ni kuwa Allah bai halicce ni da iya kau da kai ba. Wuyan tulu ne, fasasshe, da shaidar babban yatsa guda uku ƙarƙashin leɓensa. Yatsan innata ne.

Zan dawo kan wannan. Bari in fara gaya muku wane ne Baba, in ba haka ba ba za ku gane yadda tulun mace ya je gaisuwar mutuwar surukinta ba.

Ni da shi ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Matar ɗansa na fari ce ni, kunya biyu ke nan a kansa: ta ɗan da ba ya kiran sunansa, da ta matar ɗan. In na ji takunsa zai shigo, sai in juya in kama wani aiki. In ya hango ni a hanyar rijiya, sai ya sami abin kallo a sama. Amma tsakanin inda yake zama a bakin zaure da madafata zana ɗaya ce, kuma Baba ya samo dabara. Da zanar yake magana.

"Zana," sai ka ji shi, "a gaya ma mai ɗakin gabas furar yau ta yi yaji."

Ni kuma sai in dubi kazar da ke tsince tsaki a gindin turmi in ce, "Kaza, a ce ma masu zaure citta ce ta yi araha."

Haka muka yi kusan shekara talatin. Kaji nawa aka yanka, zana nawa gara ta ci aka sake, hirarmu ba ta yanke ba. Ni dai mutuniyar gida ce. Tunda aka kawo ni daga Damana ban sake yin tafiyar da ta fi zuwa kasuwa ba. Amma ta bayan zanar nan na je ko'ina. Na san rijiyar da ruwanta ke da kanwa, na san tudun da jaki ke ƙin hawa, na san gindin aduwar da ake kwana in dare ya yi wa mutum a hanyar arewa, ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

Aikinsa a garin nan, in aiki ne, shi ne a tambaye shi nisa. Tun kafin Nasara su zo ya yi fatauci da jakuna, ya san ƙasar Kurfai kamar yunwar cikinsa. Sai dai ba ya ba da amsa da wuri.

"Baba, daga nan zuwa Damana da nisa?"

"Wa ke tahiya?"

"Ni."

"Kai da mi? Da jaki, ko da mace mai goyo? Yaushe za ka tashi? Nuna mini ƙafarka."

Wani ɗan koli mai gaggawa ya taɓa ce masa, "Baba, hanya na tambaya, ba aure na zo nema ba." Baba ya ce, "Hanyar ma sai ta san wa za ta ba ɗiyarta."

Ma'auninsa daban ne. Abin da ke kusa, jifa ɗaya ne. Gaba da shi, kira ɗaya, wato inda muryar namiji za ta kai. Sai tafiyar hantsi, sai ta yini. Daga nan ba ya ƙara lissafi da kwana, da salkar ruwa yake yi. Wuri kaza salka ɗaya ne da kaka, salka uku da bazara. Yakan ce ƙasa ba ta miƙewa, ƙishirwa ce ke ja mata tsawo.

Kuma ba ya son a haɗa masa kalmomi a tukunya ɗaya. Na ji shi yana gyara wa manya masu gemu. Nisa na hanya ne, tsakaninka da inda za ka. Tazara ta abubuwa biyu ce da ke tsaye, kamar rijiya da rijiya. Rata kuwa ta masu tafiya ce, wanda ya riga ka fita shi ke ba ka ita. Wanda ya fi tsananta a kai shi ne zango. "Zango inda za ka sauke kaya ka samu ruwa. Inda babu ruwa ba zango ba ne, faɗuwa ce."

Lokacin da Faransi da Ingilishi ke raba ƙasa tsakaninsu, an tarar da shi ta wajen Sakkwato da jakunansa, aka sa shi cikin masu ja wa wani Baturen Ingilishi sarƙar awo. Ya yi watanni yana jan ta cikin ƙaya da ƙarangiya. Ya dawo da kanta a tafin hannu da 'yan kalmomin da ba su kai cikin cokali ba, amma ya yi shekaru yana juya su kamar mai tauna goro. Ya ce Ingilishi da mil suke awo, namu Nasaran na Faransi da kilomita. Mil biyar kilomita takwas ne. "Wa da ƙane ne, uwarsu ɗaya. Kowa na cika baki, ba wanda ya taɓa jin ƙishirwa a cikinsu."

Waɗanda suka fi ba shi mamaki wasu tagwaye ne. Akawun Baturen, wani mutumin kudu mai son hira, shi ya rarrabe masa su. Duka biyun ma'anarsu a ƙara gaba. Ɗaya "faza", ita ta ƙafa ce, ana iya shimfiɗa mata sarƙa a ce ga yawanta. Ɗaya "foza", ita ta magana ce da al'amari, kamar a ce shari'a ta ƙara gaba, ko rigima ta yi tsawo. Akawun ya ce masu harshen ma suna rikita su, sau da yawa ta biyun suke sawa ta yi aikin duka.

Ranar da ya fara faɗar su a zaure, wani maƙwabci ya ce, "Baba, ai magana ɗaya ka faɗa sau biyu." Ya sake faɗa. Suka ce su dai ba su ji bambanci ba. Ni ina tankaɗe a bayan zana, na kasa haƙuri.

"Kaza," na ce, "ta farko baki a buɗe take fita, ta biyu baki a tattare."

Sai na ji dariyar Baba, irin wadda ke ƙarewa da tari. "Zana, mai ɗakin gabas ta fi zauren nan kunne." Na yi mako guda ina tafiya kamar an ba ni sarauta.

Abin da ya riƙa tambayar kansa shi ne, wane irin mutane ne suka ware kalma guda don nisan da sarƙa ba ta aunawa? "Mu muna da huɗu na hanya," in ji shi, "amma in magana ta yi nisa, aron ta hanya muke yi. Ko su sun fi mu rigima ne?" Daga nan in 'yan'uwa biyu suka kawo masa ƙara kan iyakar gona, ya ga abin ya wuce gona ya koma kan wa ya zagi uwar wa, sai ya ce, "Wagga ta bar faza, ta zama foza. Ku tahi wajen liman."

Sai shekarar da aka ce a kai gero.

Da bazara ne, rana tana cin ƙasa. Aka aiko daga bariki cewa za a ɗauki mutum goma sha huɗu aikin dole, daga nan da ƙauyukan kudu, su kai gero a ka zuwa wani sansanin soja ta wajen Sanam. Maigidana yana ciki. A lokacin ina goyon ɗana na biyu. Takardar bariki ta ce tafiyar kwana uku ce, ta ce kwana na biyu a bakin wani tabki za a yi shi. Nasaran da ya rubuta ta a kan doki ya bi hanyar, da kaka, tabkin yana cike har shanu na iyo. Da an bar kwarinmu mai rijiyoyi an hau tudu, ba wani ruwa sai shi. Kuma an ce kowa gora ɗaya zai rataya, don kada kaya su ragu.

Mai gari ya ɗauki Baba suka je gaban kumandan. Ban je ba, amma an maimaita abin a zaure har na haddace.

Baba ya ce wa tafinta, "A gaya mashi tabkin nan ya ƙafe tun cikin sanyi."

Tafinta ya ce, "Takarda ta ba da kilomita, ta ce akwai ruwa."

"Kilomitan gaskiya ne, ban musa ba. Takardar ta taɓa zuwa da bazara?"

"Tsoho, kai ka fi Nasara sanin awo?"

"Na ja masu sarƙa, ɗana. Sarƙa ba ta shan ruwa."

Abin da tafinta ya juya wa kumandan, Allah kaɗai ya sani. An dai zaunar da Baba a rana a ƙofar bariki daga hantsi har la'asar, ba hula. Kafin a sake shi aka ja masa kunne, aka kuma yi shela a gari: duk wanda aka kama yana ajiye ruwa ko guzuri a hanyoyin daji, mai taimakon masu gudun aiki zuwa ƙasar Ingilishi ne, gidan kaso zai je. Ya dawo gida. Ya shanye ruwa ƙwarya guda, ya ce, "Zana, a ƙaro."

Washegari na tafi suna a maƙwabta. Da na dawo da azahar aka ce Baba ya tafi duba saniyarsa wajen Fulani, da jakuna biyu ɗauke da harawa. Ban sa komai a raina ba. Na zaga bayan ɗaki ɗibar ruwa, na tarar da gurbin tuluna huɗu a ƙasa, ba tulu.

Ku fahimce ni, ba tulu ne kawai ba. Innata maginiya ce, kuma su ne na ƙarshe da ta gasa kafin idonta ya tafi. Wuyansu siriri, ta goge su da dutse har suna ƙyalli, ta gasa su sau biyu. Ba sa tsatsa ko kaɗan. Tulun kasuwa in ka cika shi da safe, da yamma ya sha rabonsa. Nata kuwa sai ka bar ruwa mako ka same shi inda ka bar shi. Kowa a gidan ya san haka, don ni da bakina na yi ta faɗa.

Wata maƙwabciya ta ce ta ga Gwaggo tana fitowa daga bayan ɗakina da abu a lulluɓe. A lokacin aurenta na fari ya mutu, tana zaune a gida. Da can mu abokan wasa ne, ta kira ni ganga, in kira ta uwar miji ƙarama. Na same ta a tsakar gida, gaban kowa.

"Gwaggo, ina tulunana?"

Ta ce, "Ki nema."

"An gan ki."

"To, an gan ni."

Da ta yi rantsuwa ta ce ba ita ba ce, da wataƙila na sauko. Rashin musun nan shi ya ƙona ni. Na ce mata, "Wadda ta kasa riƙe ɗakinta, na mutane take kwashewa." Ta dube ni har sai da na ji nauyin maganar a harshena, ta ce, "Na ji." Ta koma kan kaɗinta. Shi ke nan. Ba da jimawa ba ta yi aure a nan bayanmu, ta fita ba mu yi sallama ba.

Baba ya dawo ran kwana huɗu, ya rame, jakunan ba harawa. Bayan kwana biyu masu gero suka tashi. Na yi kwana takwas ban san ɗanɗanon tuwo ba, don na ji abin da ya faɗa game da tabkin, kuma ban taɓa jin ya yi kuskure ba. Ran na tara suka shigo gari, su goma sha huɗu cif, leɓuna a tsattsage, amma kowa da ƙafarsa. Na tambayi maigida yadda suka yi. Ya ce, "Allah ya kiyaye." Ni da ke tambayar dalilin kukan kowane jaki a unguwa, wannan karon murna ta hana ni ƙara tambaya. Har yau ina mamakin kaina.

Baba ya yi ƙoƙari irin nasa, yanzu ne nake gani. Bayan kaka aka kawo mini tuluna huɗu na kasuwa, aka ce daga zaure ne. Na ce an gode, na jera su, ban huce ba. Wata shekara ya ba ni akuya ba dalili. Rannan kuma, bayan Gwaggo ta haihu ban je barka ba, na ji ya yi gyaran murya.

"Zana, maganar tulun nan ta zama foza."

Raina a ɓace yake. Na ce, "Kaza, wanda ba a taɓa masa kayan uwarsa ba, shi ke ganin tsawon magana."

Wannan ita ce rashin kunya ɗaya da na taɓa yi masa. Kwana uku zana ba ta yi magana ba. Ran na huɗu ya ce miya ta yi daɗi, muka ci gaba kamar ba a yi ba. Bai sake tayar da zancen ba, sai a ciwonsa na ƙarshe.

To, mu koma kan tsohon Bazabarme. Da na ga wuyan tulun, sai na koma mazaunina na bayan zana, inda na saba. Yana ba mutanen zaure labari da Hausarsa mai nauyi. Ya ce shi yana cikin goma sha huɗun. Sun isa tabkin ran kwana na biyu da rana tsaka, gorunansu ba ko ɗigo, suka tarar da laka ta tsattsage kamar tafin ƙafar tsoho. Gardin bariki da ke raka su ya zube ya zauna a ƙasa. Wasu suka fara kalmar shahada. Sai ɗan gidan nan, wato maigidana, ya tashi ya nufi wani gawo mai reshe biyu, ya kau da duwatsu uku ta gabas, ya hau tono da hannu. Tuluna huɗu a binne har wuya, an kife bakinsu da ƙoƙo an shafe da laka. Ruwan da sanyinsa. A gaggawar ɗiba ɗaya ya fashe a wuya bayan an kusa shanye shi, shi ne shi tsohon ya ɗauki guntun ya sa a aljihu.

Wani ya tambaye shi, "Gardin bai kai ƙara ba?"

Ya ce, "Gardi ya sha. Wanda ya sha ba ya magana."

Ya ce duk sun gane aikin wane ne, sun kuma yi alkawari a gindin gawon ba mai faɗa. Yanzu mai abin ya tafi inda bariki ba ta kaiwa, shi ya sa ya kawo, a ba iyalinsa.

Sai da na zauna na gane dalilin tulun. Salka in an binne ta, gara za ta huda ta kafin kwana biyu. Tulun kasuwa zai tsotse ruwan ya ba ƙasa. A gidan duka, tulunan da za su riƙe ruwa kwana biyar a cikin ƙasar bazara nawa ne kaɗai. A salka ya kai ruwan, ƙarƙashin harawa, ya juye a can. Baba ya auna hanyar, ya auna ƙishirwar mutum goma sha huɗu, ya ga ma'auninta tulunan innata ne.

Da baƙi suka ragu na tare maigida a ɗaki, wuyan tulun a hannuna.

"Ka sani?"

"Da hannuna na tono su. Na ga yatsan innarki."

"Shekara ashirin da biyu kana kallo ina gaba da ƙanwarka."

Ya daɗe yana murza hularsa. "In ce maki mi? Ubana ya aika anka ɗauki kayan matata? Shi ba ya iya taka bayan ɗakinki, ba ya iya roƙonki, sai ya aiki ɗiyarsa. Da farko tsoron gidan kaso ne. Ke kuma, ki yi haƙuri, abin da ya shiga kunnenki da safe, da azahar yana bakin rijiya."

Na buɗe baki in musa, na tuna ni ce na sanar da gari duka cewa tulunana ba sa tsatsa. Na rufe.

"Daga baya fa? Kumandan nawa anka sake tun lokacin?"

"Daga baya tsoro ya tashi, kunya ta zauna a gurbinsa. Kullum sai ya ce bari bayan kaka."

Ba zan ɓoye wannan ba don ya mutu. Mutumin da bai taɓa barin baƙo ya kama hanya da ƙarancin ruwa ba, ya bar 'yarsa ta ɗauki sunan ɓarauniya shekara ashirin da biyu, don ya kasa buɗe baki ya gaya wa zana magana ɗaya. Na yi ta juya abin. Wanda ya tsaya gaban kumandan, me ya gagare shi a gaban surukarsa? Ban samu amsa ba, sai dai na ga cewa ni ma rijiya ɗaya muke ɗiba da Gwaggo, ba wanda ya ɗaure mini ƙafa.

Sai na tuna maganarsa ta ƙarshe da ni. Kwana biyu kafin ya cika, an shimfiɗa masa a inuwar zaure, muryarsa ta koma kamar ta iska a kara.

"Zana, daga ɗakin gabas zuwa gidan gwaggon yara, da nisa?"

Na ɗauka zazzaɓi ne. Na ce, "Kaza, a ce ma masu zaure jifa ɗaya ne."

Har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Wa ke tahiya?"

Tari ya sarƙe shi, aka zo aka tashe shi zaune. Ban amsa ba.

Washegarin sadakar bakwai, da hantsi, na ɗaure wuyan tulun a bakin zanena na fita. Na ƙirga taku, don na san da zai tambaya. Sittin da uku ne. Na same ta a inuwar rumbu tana kaɗi, kanta ya yi fari kamar audugar da ke hannunta. Ban san yaushe ya yi fari haka ba.

Na yi sallama. Ta amsa ba ta ɗago ba, ta ce, "Wuta kika zo ɗiba?"

Na kwance na ajiye a tabarmarta. Mazarin ya tsaya. Ta ɗauka, ta juya shi, ta sa babban yatsanta a gurbin na innata.

"Nauyi gare su, tulunan innarki," ta ce. "Sawu huɗu na yi. Ƙuguna bai sake komawa daidai ba."

"Mi ya hana ki ce ba ke ba ce?"

"Ni ce. Ƙarya zan yi?"

"To, mi ya hana ki ce Baba ne?"

"In kai ubana gidan kaso, in bar yayana da ƙishirwa a gindin gawo, don in wanke kaina wajen ganga?"

Shekara ashirin da biyu ban ji an kira ni da sunan nan ba. Idona ya cika. Na ce, "Maganar da na gaya maki ran nan..."

"Tana nan. Na adana ta, ko ƙura ba ta hau ba. Ni ba na ɓatar da kayan mutane."

Na durƙusa a gabanta, ni mai jikoki, na ce ta yafe mini don Allah, don mai kwance a ƙasa. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara magana. Sannan ta matsa gefe, ta buɗe mini rabin tabarma.

"Zauna tukuna," ta ce. "Kin yi doguwar tahiya."

Ta tashi tana dafa ƙugun nan, ta je randa ta ɗebo ruwa a ƙoƙo, ta miƙo mini da hannu biyu. Na sauke abin da na ɗauko, na sha.

Ya Allah, Kai ka san nisan da ke gabansa yanzu, mu ba mu sani ba, ba kuma wanda ya dawo ya ba mu labari. Ka yafe masa shirunsa, Ka ba shi ladan mutum goma sha huɗu da duk abin da suka haifa. Ka sa inda ya sauka ya zama zango, irin wanda shi yake kira zango.